Gashin Kaza a Tsaye: Tukuba Ta Riga Gwangwani

Akwai wata al'ada ta mutanen Amurka wadda hotunanta suka iso wayoyin samarinmu, har ta zama abin gardama tsakanin ɗaliban da muke koya wa aikin malanta. Ita ce gasa kaza sukutum tana tsaye. Yadda su kan yi kuwa, sai su sami gwangwanin giya su buɗe, su rage kamar rabin abin da ke ciki, sa'an nan su zura shi cikin kazar da aka fige aka gyara, su zaunar da ita bisansa, ƙafafunta biyu su dafa waya, watau ita da gwangwanin su zama kamar murhu mai duwatsu uku. Daga nan sai a kifa murfi, a bar ta sa'a guda da 'yan mintoci. Masu wannan dabara suna cewa wai giyar za ta tafasa, tururinta ya ratsa naman daga ciki, ya hana shi bushewa, ya kuma ba shi ƙamshi.

Zancen giya dai ba shi da mazauni a nan, gama Musulunci ya haramta ta, Jihar Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Amma gardamar ba ta tsaya nan ba. Waɗansu sun ce a sauya gwangwanin giya da na lemo ko na maltina, ko a cika shi da ruwa da citta da tafarnuwa, ai hikimar tana nan yadda take. To, wannan ita ce maganar da ta cancanci amsa, domin malamin makaranta shi a kan tambaya a ƙauye, in kuwa ya amsa da ka, ba da awo ba, ya koya wa yara karɓar duk abin da suka gani a hoto.

Ƙasar da muke zance a kanta ba baƙuwar nama ba ce. Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana bakin iyaka ne tun asalinta. Tsohuwar hedkwatarta ma, watau Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, a shekarar 1845 aka dawo da sarauta Gumel. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari ta kan cika da raƙuma da shanu da dawaki da tumaki daga ƙasar Damagaram da ma gaba da nan, fatake kuma su yi lodi zuwa Kano da Kudu. Saboda wannan ciniki ne aka kafa Yankin Ciniki Maras Haraji na Maigatari a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Duk wanda ya yi sammako ya wuni yana ciniki a kara, da la'asar wurin mai gashi zai nufa. Ashe kuwa abin da ke faruwa bisa wayar mai gashi ya shafi lafiyar dubban baƙi kowane mako, ba abin wasa ba ne.

Bari mu fara da asalin al'adar. Daga kudancin Amurka ta fito, inda mutane suka saba da gashin nama a bayan gida ranar hutu. Wani marubucin littattafan girki mai suna Steven Raichlen shi ya fi kowa yaɗa ta, ya kuwa wallafa littafi sukutum a kanta a shekarar 2002. Daga baya waɗansu masu binciken gashi na can, cikinsu har da Meathead Goldwyn da wani masanin kimiyya Greg Blonder, suka ɗauko ma'aunin zafi da sikeli suka gwada. Abin da suka samu kowane ɗan firamare da ya san darasin tafasar ruwa zai iya fahimtarsa.

Ruwa ba ya tafasa sai zafinsa ya kai digiri 100 a ma'aunin Salsiyas. Giya kuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, lemo ma yawancinsa ruwa ne. Naman kaza yana nuna sarai in cikinsa ya kai digiri 74, a nan ake sauke shi. Yanzu a dubi inda gwangwanin yake. Yana lulluɓe cikin ɗanyen nama mai sanyi da laima, kamar mutumin da ya shige bargo. Zafin wuta sai ya ratsa fata, ya ratsa tsoka, ya ratsa ƙashi kafin ya kai gare shi, ban da ɗan abin da ke shiga ta gindinsa. Saboda haka sa'ad da kaza ta nuna, abin da ke cikin gwangwani bai kai ga tafasa ba. Da masu binciken suka auna nauyin gwangwani kafin gashi da bayansa, sai suka tarar kusan babu abin da ya ragu, wani lokaci ma ya ƙaru, domin kitsen kazar ya tsiyaye ciki. Ɗan tururin da ya tashi kuwa ta kafar wuya yake ficewa. Ko da ma ya tsaya, tururi ba ya kutsawa cikin tsoka ya zauna. Nama da kansa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, abin da ke sa shi taushi kuwa shi ne kada wuta ta matse wannan ruwan nasa ta fitar.

Ba a nan ta tsaya ba. Gwangwanin yana toshe cikin kazar, ya hana iska mai zafi shiga inda aka fi bukatarta. Sai ka ga waje ya yi ja yana sheƙi, cikin kuwa, kusa da ƙashin baya, da saura. Har wa yau gwangwanin lemo ba zallar ƙarfe ba ne. An shafe cikinsa da wani siririn rufi na roba domin kada abin sha ya ci goran-ruwan da aka yi shi da shi, wajensa kuma fenti ne da tawada. Masu ƙera shi don sanyi suka yi shi, ba don wuta ba. Wanda kuwa ya manta bai buɗe gwangwani ba ya ɗora shi a wuta, fashewa zai yi. Ga kuma haɗarin sauke kaza mai zafi daga kan gwangwani cike da ruwa da kitse masu ƙuna, ga yara suna kewaye da murhu suna jiran rabonsu.

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin waɗanda suka yi zaman ƙasashen waje, wai duk abincin da aka dafa da giya ba komai, wuta ta ƙone abin da ke bugarwa. Fatawa dai ta malamai ce, mu namu awo ne, awon kuwa bai goyi bayan wannan magana ba. Gaskiya ne sinadarin da ke sa maye yana tafasa a digiri 78, amma in ya gauraya da ruwa ba ya tashi gaba ɗaya. Binciken da aka yi wa Ma'aikatar Gona ta Amurka, wanda aka buga a 1992, ya nuna abincin da aka dafa minti 15 yana riƙe da kashi 40 cikin ɗari na sinadarin da aka zuba, bayan sa'a guda kashi 25, sai an kai sa'a biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5.

To, ina amfanin da masu yi suke gani, tun da yake ba mahaukata ba ne? Amfanin yana nan, amma na tsayuwar ne, ba na gwangwanin ba. Kazar da ke tsaye fatarta duka tana fuskantar zafi, ba gefen da ya kwanta cikin romo ya jiƙe. Kitse yana gangarowa bisa fata yana soya ta. Cinyoyi, waɗanda suka fi bukatar wuta, su ne a ƙasa kusa da garwashi, ƙirji kuwa, mai saurin bushewa, yana sama nesa da ita.

Wannan hikima kuwa mahautanmu sun riga kowa saninta. A dubi tukubar mai tsire. Tudun toka ne da ƙasa, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita, kowane a tsaye ya ɗan sunkuya. Nama ba ya bisa harshen wuta, yana gefenta ne, zafin da garwashi ke watsowa shi ke gasa shi. Man da ke ɗiga a toka yake sauka, ba a garwashi ba, saboda haka ba ya tayar da baƙin hayaƙin nan mai ɗaci da ke manne wa nama. Masana lafiya a yau suna gargaɗi a kan wannan hayaƙi na kitsen da ya ƙone, da kuma naman da ya babbake ya yi baƙi ƙirin, domin akwai sinadarai a cikinsu da ake danganta su da ciwon daji in an dawwama a kan ci. Mai tukuba bai karanta wannan a littafi ba, amma harshensa ya gaya masa. In wuta ta yi yawa sai ya zare tsinke ya kafa shi baya kaɗan, in ta yi sanyi ya matso da shi, in gefe ya nuna ya juya. Mutanen Panjab, a Indiya da Pakistan, su ma a tsaye suke gasa kaza, a soke da dogon ƙarfe cikin wata babbar tanderun ƙasa. Ba mu ji an ce ɗayansu ya nemi gwangwani ba.

Ita kuwa kaza sukutum, masu gashinmu sun fi tsaga ta su baje bisa waya, ta kwanta shimfiɗe kamar buɗaɗɗen littafi. Abin sha'awa, wannan ita ce hanyar da gwanayen girkin Turai da Amurka suke yabo yanzu, domin kaza shimfiɗaɗɗiya kaurinta ya kusa zama ɗaya ko'ina, wuta tana samun ciki da waje, tana kuma nuna cikin ɗan lokaci, gawayi ya yi auki.

Sa'an nan a tuna kazarsu ba kazarmu ba ce. Ta Amurka ta gidan gona ce, cikin mako shida ko bakwai ta kai yanka, ga taushi ga kitse ga faɗin ciki. Kazar Hausa kuwa wata biyar ko shida ta kan yi tana tono a bayan danga kafin ta isa, nauyinta bai cika wuce kilo guda da 'yan kai ba, gwangwani ma da ƙyar zai shige ta. Zabo ya fi ta tsauri. Tsuntsun da ya wuni yana yawo jijiyoyinsa suna da ƙarfi, maganinsu kuwa wuta mai sauƙi da haƙuri. Shi ya sa matan gida su kan sulala ta tukuna da gishiri da albasa da citta kafin ta ga garwashi, romon kuma ya shiga miya, ba a yi asarar kome ba. Wanda ke son naman ya riƙe ruwansa, sai ya shafe shi da gishiri tun da hantsi in da yamma za a gasa, ya ajiye a wuri mai sanyi a rufe. Yajin ƙuli-ƙuli kuwa, da barkono da masoro da kanumfari da kimba, a jinkirta shi sai gashi ya yi nisa, gama ƙuli yana saurin ƙonewa.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu, wanda ya shafi duba-gari da ma'aikatan ƙananan hukumomi kai tsaye. Ɗanyen naman kaza ya kan ɗauki ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, manya cikinsu su ne waɗanda likitoci ke kira Salmonela da Kamfilobakta, masu kawo zawo da amai da zazzaɓi. Babba mai ƙarfi ya kan sha wuya kwana biyu ko uku ya miƙe, amma yaro ƙarami ko tsoho abin ya kan zo da ƙarar kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci kowace shekara, 420,000 su mutu, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Afirka kaɗai mamatan sun kai 137,000. Wuta tana kashe waɗannan ƙwayoyi, amma sai ta kai can ciki. Wanda ba shi da ma'aunin zafi, sai ya soka wuƙa a mahaɗar cinya da jiki, inda nama ya fi kauri. In ruwan da ya fito garai yake, gaɓar kuma tana motsi ba gardama, da alama ta nuna. In da jini-jini, a mayar da ita wuta ko mai saye yana gaggawar mota.

Mun lura cewa yawancin ɓarna ba bisa wuta take aukuwa ba, bayan an sauke ne. Katakon da aka daddatsa ɗanya a kai, shi za a yanka gasasshiya a kai, da wuƙa ɗaya, da hannu ɗaya, hannun nan kuma shi ke karɓar kuɗi. Tsumma guda ya share katako tun safe har dare. Kazar da aka gasa da azahar ta zauna a gefen waya, ba zafi ba sanyi, har bayan isha'i. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, zafin Maigatari a watan Afrilu kuwa ya kan haura digiri 40 a inuwa, watau daidai abin da suke so. Ƙa'idar masana ita ce dafaffen nama kada ya wuce sa'a biyu a ajiye haka nan, in rana ta yi tsanani ma sa'a guda. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida da a kan naɗe nama a ciki, su ma ba don abinci aka yi su ba. Haka hura wuta da leda ko tsohuwar roba ko kananzir alhali nama yana kai. Waɗannan duka gyaransu ba ya cin kuɗi mai yawa: katako biyu, wuƙa biyu, buta da sabulu, da yaron da aikinsa karɓar kuɗi kaɗai. A zamanin En'e duba-gari ya kan zaga da sarkin fawa, maganarsu kuwa tana da nauyi domin tare suke. A ganinmu har yau ta wannan ƙofa gyara zai shiga, gama mahauci ya fi jin sarkin sana'arsa bisa takardar ofis.

Lafiyar kazar tun tana da rai ita ma abin dubawa ce, balle a garin iyaka. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a Magarya, maƙwabciyarmu ta Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas, ta kuma sake ɓulla a Kano a 2015. Naman da ya nuna sarai ba ya ɗauke da ita, haɗarin yana kan mai yanka da mai figa da yaran da ke wasa da gashin. Ga kuma annobar nan da ke share kajin ƙauye lokacin hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Da ta shigo gari sai ka ga kaji sun yi araha a kasuwa, kowa yana neman ya rabu da nasa kafin su mutu, ta haka cutar ke tsallakawa daga wannan gari zuwa wancan cikin kwandon dillali. Alhali kuwa akwai rigakafinta, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin sa, har da irin wanda ke jure zafi, a ɗiga wa kaza a ido. Kajin gida dukiyar mata ce da yara, da su a kan sayi littafi da sabulu, saboda haka malamin da ya haɗa matan ƙauyensa da malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo ya yi wa makarantarsa aiki.

Iyakar kanta ta sha rufewa. An rufe ta a Agustan 2019, Maigatari tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe ta ɓangarenmu a Maris na 2024. Kowane karo mai gashi yana cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu, domin in fatake ba su zo ba, wa zai ci?

Saura zancen makamashi, shi kuwa gajere ne amma mai ɗaci. Gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta, maƙera ma shi suke nema, amma ƙirya ba ta girma da wuri, arewacin Jigawa kuwa yana cikin wuraren da hamada ke matsa wa. Layukan darbejiyar da aka dasa don tare iska ba don murhu aka dasa su ba. A nan ne muka ga abu guda da ya kamata a ara daga masu gashin Amurka, watau murfi. Wutar da ke buɗe rabin zafinta iska ke kwashewa. Rabin ganga da aka kifa bisa waya, aka huda mata 'yan kafofi, tana tsare zafi ya kewaye kaza ta ko'ina, a tara garwashi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen. Wanda kuma ya nace sai ya ga kazarsa a tsaye, maƙerin garinsu zai lanƙwasa masa ƙarfe mai ƙafa uku, marar fenti, buɗaɗɗe ta tsakiya yadda iska mai zafi za ta ratsa ciki ta fita ta wuya.

Ga malamai kuwa, wannan gardama darasi ce da ta zo har gida, ta haɗa kimiyya da lissafi. Ranar da makaranta ta yi walima, ko ɗalibai suka yi karo-karo, a sayi kaji biyu na gidan gona masu nauyi ɗaya, a yi musu gishiri daidai wa daida. A sami ɗan kofin ƙarfe marar fenti, a zuba ruwa zalla zuwa rabi, a auna shi a sikeli, yara su rubuta nauyin a allo. Kaza ɗaya a zaunar da ita bisa kofin, ɗayar a tsaga ta a shimfiɗa, a sa su wuta ɗaya lokaci ɗaya, a ɗora wa wani yaro duban agogo. In akwai ma'aunin zafi a ɗakin kimiyya, wanda ya kai digiri 110, a tsoma shi cikin ruwan kofin da zarar an sauke, malami da kansa zai yi wannan, ba yaro ba. Sa'an nan a sake auna kofin, a ɗebe wannan daga wancan. Daga ƙarshe a yanka naman ƙanana a faranti biyu, a kira malamin wani aji wanda bai ga gashin ba, ya ɗanɗana ya faɗi wadda ta fi taushi. Sakamakon da kowace makaranta ta samu, a aiko da shi ofishin ilmi tare da nauyin kajin da mintocin da kowace ta ɗauka.